Jika ma ɗan gudun hijira ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ku riƙa taɓo labarin Falasɗinawan da ke waje, ba na Gaza kawai ba. Tun 1948 wasu suke Labanon a sansanoni irin su Shatila, kaka a nan aka binne shi, jika a nan aka yanke masa cibiya amma har yau ɗan gudun hijira ake ce masa, ba ya da damar aikin likita ko lauya, kuma tun dokar da Labanon ta kafa a 2001 ko gida ba zai saya da sunansa ba. Wallahi abin yana ci min rai. Ka ga tsohuwa riƙe da makullin gidansu na Haifa, garin da suka baro wanda yanzu yake cikin Isra'ila, duk ya yi tsatsa, tana nuna wa jikokin da ba su taɓa taka garin ba.

Mai karatunku daga Kano