Gwajin ɗan tayi: a nemi cikakken lissafi kafin a sayar da fili

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarka domin ma'auratan Yamai da Tawa da ke tara kuɗin zuwa Abuja, Legas, Tunis ko Indiya neman haihuwa ta hanyar haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, abin da takardun Faransanci ke kira FIV. Da yawansu AS ne mijin da matar, wato kowannensu na ɗauke da ƙwayar gadon amosanin jini ba tare da ciwon ba, sun ga wahalar amosanin jini a jikin ɗansu na fari, kuma sun ji cewa ana iya gwada ɗan tayi kafin a mayar da shi mahaifa. Gaskiya ne, tun 1990 aka fara haka a Landan. Sai dai farashin da ake faɗa musu a waya na gwajin ne kaɗai, kuma shi ne ƙaramin kaso.

Gwajin ba ya yiwuwa sai an bi duk matakan FIV, ko da matar tana ɗaukar ciki ba wahala. Za ta sha allurar motsa ƙwai kwana 10 zuwa 12, a kwashe ƙwan, a sa wa kowanne maniyyi guda da allura mai siririn baki, a rene su kwana 5 ko 6. Daga nan a tsinko ƙwayoyi 5 zuwa 10 daga ɓangaren da zai zama mabiyiya, a daskarar da 'yan tayin cikin ruwan nitirojin, a aika samfurin labo, sau da yawa a wata ƙasar. Kowane mataki da kuɗinsa: magani, tsinkowa, jigila, gwajin kowane ɗan tayi, hayar ajiya, sannan narkarwa da dashe a wani watan. Wannan watan na biyu shi ne ake mantawa, alhali yana nufin wani tikitin jirgi ko ƙarin kuɗin masauki.

A kula kuma, gwajin ba iri ɗaya ba ne. PGT-A ƙirga kuromosom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, yake yi, ya ga ko sun cika 46, bai san komai game da sikila, wato amosanin jini, ba. Mai gano sikila shi ne PGT-M, wanda Faransawa ke sawa ƙarƙashin sunan DPI. Shi sai an ƙera shi musamman don iyalin, da jinin miji da mata, wani lokaci har da na ɗansu ko iyayensu. Aikin yana ɗaukar makonni kuma ana biyansa daban. Dalilin wannan ɗawainiya shi ne, a samfuri ƙanƙane haka wani sa'in kwafi ɗaya na ƙwayar gadon ba ya fitowa, sai sakamakon ya zo a karkace. Don haka ake bin alamomin da ke maƙwabtaka da ita a cikin dangin. Idan mijin ko matar AC ne, wato mai ɗauke da wata ƙwayar gadon da ake kira C, a faɗa tun farko, domin SC ma cuta ce.

Inda kuɗi ke zurarewa shi ne ƙirgar 'yan tayi. A misali, an kwashe ƙwai 12. Wataƙila 10 ne suka nuna, 7 ko 8 suka haɗu, 3 ko 4 suka kai kwana na biyar. Tsakanin AS da AS, kowane ɗan tayi yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zama SS, wato mai ciwon, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA, wanda bai gaji ƙwayar ba. Wanda ya yarda da AS, uku cikin huɗu na hannunsa. Wanda ya kafe sai AA, yana iya gama zagayen bai samu ko ɗaya ba, ya koma sayen allura daga farko. A ganinmu wannan kafewa asara ce, domin AS ba majinyaci ba ne, iyayen da kansu shaida ne. Ga matar da ta doshi shekara 40 kuwa, ƙwan sun ragu, zagaye ɗaya da wuya ya wadatar.

PGT-A da ake yawan liƙawa a lissafi, a tambayi likita dalilinsa. Wani babban bincike da aka yi a Sin, aka wallafa a 2021, kan mata fiye da 1,200 'yan shekara 20 zuwa 37, bai nuna ya ƙara yawan haihuwa ba. Yakan kuma nuna ɗan tayi mai gaurayen ƙwayoyi, wasu daidai wasu ba daidai ba, a ajiye wanda da ya zama lafiyayyen jariri. Yana iya yin amfani ga mai yawan ɓari ko mai manyan shekaru, amma ba kowa ba.

To, kafin a biya kafin alƙalami, a karɓi lissafin a rubuce. Kuɗin gwajin na kowane ɗan tayi ne ko na rukuni? Idan babu wanda ya kai kwana na biyar, ana mayar da kuɗin? Idan samfurin bai ba da sakamako ba, wa zai biya sake tsinkowa? Kuɗin ajiyar shekara ɗaya nawa ne? A juya jimillar zuwa sefa: yuro ɗaya sefa 655.957 ne, wato yuro 3,000 ya kusa miliyan biyu, albashin kusan shekara huɗu na mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi, jika 42 a wata. Kuma duk da wannan, ciki ba tabbas ba ne, sannan idan ya shiga likitoci kan ba da shawarar tabbatar da sakamakon da gwajin mabiyiya wajen mako na 11 zuwa 14, ko na ruwan mahaifa daga mako na 15.

Ga waɗanda ba a ɗaura wa aure ba tukuna, gwajin jini na elektroforez, mai nuna ko mutum AA ne, AS ko SS, a cibiyar yaƙi da amosanin jini ta ƙasa da ke Yamai ko wani labo mai inganci bai kama ƙafar wannan kuɗi ba. A nace a kan shi, domin gwajin Emmel da aka saba yi yana nuna akwai S ne kawai, ba ya raba AS da SS, ba ya kuma ganin C.

Wassalam.

Wasu ma'aikatan lafiya, Yamai