A Rubuta Ilimin Iyayenmu Mata Tun Suna Raye

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahoton da jaridarku ta buga kan rasuwar dattijuwar malamar nan ta garin Mai Wurno a Jihar Sennar ta ƙasar Sudan, wadda ta haura shekara 90 a duniya. Allah ya jiƙanta da rahama.

Sai dai rahoton ya fi mayar da hankali kan yawan 'ya'ya da jikokin da ta bari, ya taƙaita aikinta a jimla guda. Ni ina cikin 'yan matan da suka yi karatun allo a tsakar gidanta. Da hantsi, bayan mun wanke alluna, Inna, kamar yadda muke kiranta, takan zaunar da mu ta koya mana saƙar faifai da tabarmar kaba, tana ba mu labarin yadda kakanninmu suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903 tsakanin Sarkin Musulmi Attahiru da Turawan Ingila, har ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin nan a bakin kogin Nilu. Da kuɗin faifan nan ta sayi littattafan 'ya'yanta. Yau cikinmu kaɗan ne ke iya rina kaba yadda take yi, kuma yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya tarwatsa ɗalibanta da dama.

Saboda haka ina roƙon jaridarku ta ware shafi duk wata domin tattaunawa da irin waɗannan iyaye tun suna raye, a ɗauki muryarsu da hoton sana'arsu, malaman makarantunmu kuma su riƙa gayyatarsu aji su koyar da yara.

Wassalam,
Tsohuwar ɗalibarta, Mai Wurno