Wanda Ya Yi Kisa Ya Tuba: A Fara Jin Labarinsa Daga Gidan Mamaci

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili a wannan jarida mai albarka kan fursunonin da aka yanke wa hukuncin kisa saboda sun kashe rai. A Najeriya masu jiran hukuncin kisa gaba ɗaya sun haura 3,000, kuma rabon da a ji an zartar da hukuncin tun Disambar 2016 a jihar Edo, domin gwamnoni ba sa son sa hannu. Ke nan yawancinsu za su tsufa a tsare, wasu kuma su fito. Idan aka tashi yi wa ɗayansu afuwa, hujjar da ake kawowa ita ce ya yi nadama kuma halinsa ya gyaru. Ra'ayinmu shi ne wannan nadamar a rubuta ta bisa tsari, kuma dangin mamaci su riga kowa jin ta.

Doka ta buɗe ƙofofi. Sashe na 212 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba gwamna ikon afuwa bayan ya tuntuɓi kwamitin ba shi shawara, sashe na 175 kuma ya ba shugaban ƙasa. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019, a sashe na 12, ta ce wanda ya gama ɗaukaka ƙara kuma ya shekara 10 ba a zartar masa da hukunci ba, babban alƙali na iya mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai. Amma abin da ke isa gaban masu yanke shawara galibi rahoton jami'in walwala ne mai cewa "yana da ladabi", sai takardar koyon ɗinki ko ta jami'ar karatu daga nesa ta NOUN. Waɗannan suna nuna mutum ya iya zaman gidan yari lafiya. Ba su nuna ya fuskanci abin da ya aikata ba. Shi ya sa jerin afuwar da fadar shugaban ƙasa ta fitar a Oktoban 2025 ya tayar da ƙura har aka sake duba shi.

Lokacin fara wannan rubutu shi ne bayan an gama ɗaukaka ƙara. Duk abin da fursuna ya rubuta kafin nan zai iya zama shaida a kansa, don haka lauyansa ya sani tun farko. Kayan aikin ba su da tsada: littafin rubutu, fensir, da zama ɗaya a mako, mutum shida zuwa takwas, tare da jami'in walwala da malami ko fasto. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami. Wanda bai iya ko ɗaya ba ya faɗa a rubuta masa, sannan a karanta masa ya amince. Littattafan su kwana a ofis, domin a ɗakin da ke cunkushe sirrin mutum kan zama makami a hannun abokan zamansa.

Rubutun farko kusan kullum labarin wahalar mai rubutun ne: maraici, talauci, ƙwaya, yadda aka tsokane shi. A bar shi ya fitar da wannan, amma kada a tsaya nan. Inda aikin yake shi ne ranar da abin ya faru. A nan za a ga "tsautsayi ne", "ƙaddara ce", "sharrin shaiɗan ne", "sai wuƙa ta same shi". Mai jagorantar zaman ya mayar da shi kan jimlar, ya tambaye shi wa ya ɗauko wuƙar, daga ina, me mamacin ya ce. Imani da ƙaddara gaskiya ne, amma ba ya ɗauke alhaki. Sai ya iya rubuta "na kashe shi" da sunan mamacin, ya lissafa waɗanda ya bari, uwa, mata, 'ya'ya, da wanda ke ciyar da su yanzu. Wannan kan ɗauki watanni, wani ma ba ya kaiwa, kuma kada a rubuta masa cewa ya kai.

Daga nan sai gidan mamaci. Kada wasiƙa ta faɗo musu kwatsam. Mai unguwa ko limamin da suka yarda da shi ya je ya tambaya ko suna son ji. In sun ƙi, an gama, ba naci, ba aika manya su yi musu nauyi. Cikin wasiƙar kada a roƙi su sa baki a sake shi, domin da zarar sun ga wannan za su ɗauka duk dabara ce. Shari'ar Musulunci ta sa zaɓin ƙisasi ko diyya ko yafiya a hannun waliyyan jini, wato magadan mamaci, kuma a mazhabar Malikiyya ko an yafe ana yi wa mai kisan ganganci bulala 100 da ɗaurin shekara ɗaya. Afuwar gwamna kuwa ba ta jiran yardarsu, to aƙalla a sanar da su kafin su ji a rediyo.

Sai mu roƙi 'yan jarida: kada a buga labarin fursuna da sunan mamaci ba da izinin danginsa ba, kuma kada a zaɓi wanda ya fi iya magana. Gwanin baki ya fi kowa saurin koyon kalmomin da ake son ji.

Wanda aka saki kuma kada a mayar da shi unguwar da ya zubar da jini. A hadisin mutumin da ya kashe rai 100, malamin da ya ce masa ƙofar tuba a buɗe take shi ne ya umarce shi ya bar garinsu. A nema masa mai tsaya masa a wani gari, da kayan sana'ar da ya koya, kuma jami'i ya riƙa leƙa shi. Tun da gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar gidajen yari, muna kira ga ma'aikatun shari'a na jihohinmu su sa wannan rubutu da amsar dangin mamaci cikin duk fayil ɗin da za a kai wa kwamitin afuwa.

Wassalam.

Daga wasu masu aikin sasanci da gyaran hali, Kano.