Godiya ga garejin da ya taƙaita mini tafiyar sandar giyar mota ba tare da zarto ba

Assalamu alaikum. Wannan wasiƙa zuwa ga maigidan wani garejin gyaran Volkswagen ce da ke kusa da kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, shi da yaransa, musamman matashin bakaniken da ya kama aikin motata. Na yi musu godiya baki da baki, amma na ga bai isa ba, don abin da suka yi mini ya yi wuya a wannan zamani.

Motata Golf 4 ce ƙirar 2002, mai giyar hannu, lamba biyar da ribas. Sandar giyarta ta daɗe da sakwarkwacewa, in za ka tashi daga lamba biyu zuwa uku sai ka ji kamar kana tuƙa tuwo a babbar tukunya. Wani ƙanena da ke Jamus ya aiko mini da ƙarfen da ke taƙaita tafiyar sandar, wanda ake ɗaurawa a saman giyabos a madadin na kamfani. Ƙarfe ne da bai wuce tafin hannu ba, amma sai da ya zagaya da ni gari.

Wani gareji da na fara zuwa, ogan ya jujjuya ƙarfen, ya ce wannan ba na motata ba ne, in kuwa gajeriyar giya nake so, a kawo zarto a rage tsawon sandar, a yi mata walda, magana ta ƙare. Da bakinsa ya faɗa, ko kunya babu. A wani wurin aka ce sai an sauke giyabos gaba ɗaya, a canza kuloci tunda an riga an buɗe, aka yanka mini kuɗin da ya kusa sayen wani giyabos ɗin ɗan Beljiyam. Ko bonet ba a ɗaga ba aka yi wannan lissafi. Akwai kuma wanda ya ce in bar motar in dawo gobe, kuma duk mai mota a garin nan ya san tsawon goben bakanike.

Da na zo wurinku ban zo da wani dogon buri ba. Maigida ya karɓi ƙarfen, ya duba, ya ce: "Alhaji, gaskiya ba mu cika samun irin wannan aiki ba, amma akwai yarona da ya san wayoyin giyar Golf 4 ciki da waje. Bari ya gani kafin mu yi maganar kuɗi." Wannan kalma ta "kafin mu yi maganar kuɗi" ita ta sa na nemi benci na zauna.

Yaron nan, Allah Ya yi masa albarka, bai taɓa sifana ba sai da ya fahimtar da ni abin da zan samu da wanda ba zan samu ba. Ya ce a Golf 4 wayoyi biyu ne ke tashi daga gindin sandar giya zuwa saman giyabos: ɗaya ta gaba da baya, ɗaya ta hagu da dama. Sabon ƙarfen yana matso da inda waya ke maƙalewa kusa da sandar da ke shiga cikin giyabos, shi ya sa hannu zai yi 'yar gajeriyar tafiya giya ta shiga. Amma fa, in ji shi, abin da aka rage a nisa ana biyansa da ƙarfi, sandar za ta ɗan yi tauri. "Kuma Baba, ba zai ƙara wa motar gudu ba ko kaɗan. In kana fizgar giya don ka ga ta yi kusa, zobban tagullar da ke daidaita gudun haƙora a ciki ne za su ci wuya, nan gaba ka fara jin ƙara a lamba biyu." Da wani ne, da sai ya ce mini motar za ta tashi sama, ya ƙara kuɗin aiki.

Ya cire akwatin matatar iska don ya samu wuri, ya zare kawunan wayoyin, ya kwance noti mai lamba 13 da ke riƙe da tsohon ƙarfen. Duk abin da ya kwance sai ya jefa a cikin wani tsohon gwangwanin madara da ya ajiye a gefe, ba a kan ƙasa ba inda ƙura za ta haɗiye shi. A nan ya kira ni ya nuna mini robar kan waya ɗaya da ta tsattsage, ya ce rabin sakwarkwacewar da nake kuka da ita daga nan take, in ba a canza ta ba sabon ƙarfen ba zai nuna amfaninsa ba. Ya aiki ƙaramin yaro cikin kasuwa, aka sayo, aka kawo mini canjina har da rasit.

Inda na fi jinjina masa shi ne wurin saiti, don nan ne aikin yake. Ya danna sandar saman giyabos ƙasa, ya kulle ta da ɗan makullin da kamfani ya yi mata a jiki. Ya shiga cikin mota, ya ɗaga fatar da ke rufe gindin sandar giya, ya karkata sandar hagu tsakanin lamba ɗaya da biyu, ya zura bakin dirila mai milimita 5 a wani ɗan rami da ban taɓa sanin yana nan ba, sandar ta tsaya cak. Sannan ya koma ya saki sifirin ɗin kawunan wayoyin suka kama da kansu. Kafin ya gwada, sai da ya sake leƙawa ya tabbatar ya buɗe makullin nan, ya ce in aka manta aka ja giya da ƙarfi, lanƙwashewa yake yi ko ya karye. Ya bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya injin a kashe, har ribas da ake danna sandar ƙasa a kai ta hagu a tura gaba. Lamba ɗaya ta ɗan yi masa gardama, bai ce "za ta saki da kanta" ba, ya sake saitin daga farko.

Muka fita gwaji ta titin Katsina, muka faɗa gosulon Kurna, inda mai giyar hannu ke sanin yana da ƙafar hagu. Giya na shiga tsaf, ba lalube. Taurin da ya faɗa yana nan, musamman da safe kafin man giya ya yi ɗumi, amma tunda an gaya mini tun farko bai dame ni ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, duk wannan ba wani abin al'ajabi ba ne, aiki ne kawai aka yi shi yadda ya kamata. Amma mun saba ka kai mota gyaran birki ka dawo da matsalar wuta. Mun saba a ce an sa sabon kaya alhali tsohon aka wanke da fetur aka mayar. Noti huɗu aka kwance, uku za a ɗaure, na huɗun a ce ai dama ba ya aikin komai. Ka yi tambaya a ce kana koya wa mutum sana'arsa. Yaran da ake koya wa aiki kuwa, yawancinsu guduma aka fara miƙa musu kafin a nuna musu yadda abu ke aiki, to me za su koya wa na bayansu? Ƙungiyoyin kanikawa da ke karɓar kuɗin mako a garejoji ya kamata su dubi wannan, ba rabon fili da sasanta rigima kaɗai ba.

Maigida, kuɗin da ka faɗa bayan an duba shi na biya, ko sisi ba a ƙara ba. Tsohon ƙarfen ma an goge shi an sa mini a leda, yaron ya ce in adana ko wata rana zan sayar da motar mai saye ya fi son na kamfani. Allah Ya ƙara buɗi, Ya albarkaci sana'a. Wata mai kamawa zan kawo motar a canza man giya, kuma don Allah shi nake so a ba wa aikin.