Ra'ayi ya zama hula a teburin mai shayi

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a. Don Allah a ba ni ɗan fili in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Akwai teburin mai shayi da muke zama bayan isha'i a nan Jekadafari, mun fi shekara goma a wurin. Janairun 2012 da Jonathan ya cire tallafin mai lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, wani dattijo a cikinmu har muryarsa ta dishe wajen Allah ya isa, wai an zo a kashe talaka. 2016 Buhari ya kai ta 145, shi ɗin dai, a kan bencin nan dai, ya ce ai gyara ne sai an sha wuya ake shan daɗi. Da Tinubu kuma ya ce tallafi ya tafi ranar 29 ga Mayu 2023, waɗanda ko tari ba su yi ba a 2012 su suka fi kowa kuka da talaka.

Ni dai abin da na lura, yawancin musun da muke yi don a san kai na waye ne, kamar jar hular Kwankwasiyya, tun daga nesa an san gidanka. Ni ma ban tsira ba fa, a gidan kallo ko da idona na ga ɗan Arsenal ya sa hannu sai na rantse ba fenariti ba ne.

Wata rana na rako dattijon nan gida na ce Baba tsakani da Allah tsadar nan ba ta taɓa ka? Ya yi dariya ya ce yaro buhun masara ya gagare ni, amma in na faɗa a gabansu gobe wa zai zo sunan jikana, wa zai kai ni asibiti? Wallahi jikina ya yi sanyi, don mutanen nan su suka yi masa karo-karo lokacin da shagonsa ya ƙone.

Inda abin ya ɓaci shi ne yanzu ko yabon abu ba ka isa ka yi ba. Satin da ya wuce na ce wani titi da aka yi ya yi kyau, kawai don ba jam'iyyarmu ta yi ba wani ya tambaye ni nawa aka ba ni na data, kafin asuba an cire ni daga guruf ɗin WhatsApp na unguwa.

Naka,
Mai karatu daga Jekadafari, Gombe