Roƙon tallafi: ajin marigayiya Malama har yanzu yana yoyo

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu da malamanmu da 'yan uwa na nan Agege, da na Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago, wannan saƙo daga kwamitin Islamiyyar unguwarmu ne, dan Allah a daure a karanta har ƙarshe.

Yau kwana 40 da Allah Ya karɓi ran malamar 'yan ƙaramin aji, Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mahaifinta ya roƙe mu kar a sa sunanta ko hotonta a intanet, toh ba za mu sa ba, amma duk wanda ɗansa ya taɓa dawowa gida da jakar allo ta ƙyallen atamfa ya san wa muke nufi.

Da sikila aka haife ta. Wanda bai taɓa jinyar mai ciwon nan ba wallahi ba zai gane ba, in ya tashi ji suke kamar ana sara musu ƙashi, kuma sanyi da dukan ruwa da zazzaɓin cizon sauro su ne manyan masu tada shi. Ga Legas kun san Yuni da Yuli, ruwa sai ya wuni ya kwana. Ajinta kuma shi ne na can ƙarshe wanda kwanonsa duk tsatsa ta cinye. Sau nawa muka leƙa muka tarar da ita da suwaita biyu da safa, ta tattara yara gefe guda, ta tara bokiti a inda yake ɗiga tana ci gaba da biya musu karatu. Kullum mu ce Malama bayan sallah za a gyara, ta yi murmushi ta ce Allah Ya kai mu Baba. Sallah nawa ta wuce. Wannan sakacinmu ne mu 'yan kwamiti, ba sai wani ya faɗa mana ba.

Yarinya ce mai hikimar hannu. Shagunan teloli take bi tana roƙon ƙyallayen da za su zubar, ta haɗa su a tsohon kekenta ta ɗinka wa yara jakunkuna, marayu su ne farko. Murafen kwalbar lemo ta wanke ta rubuta alifun ba'un ta'un a ciki, yaro ya zaro ɗaya daga gwangwani ya faɗi sunan harafin, sai ka ga ɗan shekara huɗu yana rigima shi ma sai an ba shi ya zara. Jajiberin sallah kuwa tsakar gidansu cika yake da 'yan mata ana lalle, ba ta karɓar ko sisi daga wadda ta san gidansu babu.

Abin da ma ba mu sani ba sai wajen zaman makoki, ashe duk ranar da ta je kilinik ba ta dawowa da wuri ne saboda tafinta take yi. Matanmu da yawa da suka zo daga arewa ba Turanci ba Yarbanci, likita ya yi ta bayani uwa na gyaɗa kai alhali ba ta ji komai ba, ita ce za ta zauna ta fassara, a ba yaro ruwa sosai, a kwana cikin gidan sauro, kar a bar maganin folik asid ya yanke. Wata baiwar Allah tun daga Ikorodu ta shigo danfo ta zo ta'aziyya, ta ce ko sunan unguwar ba ta riƙe daidai ba, tambaya ta yi ta yi har ta iso.

Magana ɗaya ce ba ta gajiya da ita, a yi gwajin jinotaif, wato gwajin jinin da ke nuna ko mutum na ɗauke da sikila, kafin a sa rana. Ta kan zana wa 'yan babban aji a allo, in AS (mai ɗauke da sikila a jininsa amma ba ya ciwon) ya auri AS kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS, wato mai ciwon, kuma Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ciwon, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 duk shekara. Wasu dattawanmu sun yi ƙorafi a lokacin, wai budurwa da zancen aure a gaban yara. Toh ga shi a 2024 jihar Kano ta mai da gwajin kafin aure doka.

Abin da muke roƙo dai, na farko rufin ajin nan. Kafinta ya duba ya ce kwano da katako duka sai an sauya, shi kuma ya yafe kuɗin aikinsa, Allah Ya saka masa. Mahaifiyarta ta ba makaranta kekenta sadaka, muna so mu ƙara guda biyu domin 'yan matan da ta fara koya wa ɗinki su ci gaba. Sannan muna so kafin 19 ga Yuni, ranar sikila ta duniya, mu kai duk 'yan babban aji gwaji da izinin iyayensu, akwai cibiyar sikila a Idi-Araba daura da LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas. In an samu rara, akwai ɗalibanmu masu ciwon da sayen magani ke gagarar iyayensu wani watan.

Ba sai kuɗi ba. Mai kwano ya kawo kwano, mai ƙusa ya kawo ƙusa, 'yan uwanmu masu mota ko ɗauko kayan kuka yi ya isa. Mai tiransifa ya duba lambar akawun ɗin makaranta a guruf ɗin iyaye na WhatsApp, kar a tura wa kowa a akawun ɗinsa ko da ɗan kwamiti ne. Mai kuɗi a hannu ya ga ma'aji a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a kuma ya karɓi rasit. Duk ƙarshen wata za mu liƙa abin da ya shigo da abin da aka kashe a allon sanarwa.

Allah Ya jiƙanta Ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, Ya ba iyayenta haƙuri. Kafinta ya ce in kaya suka haɗu kwana uku ya gama, dan Allah a taimaka kafin ruwa ya sauka.

Sakatare, a madadin kwamiti.