Aikin jarida a Zamfara: wa ke biyan kuɗin labarin da muke ji?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in bayyana damuwata game da halin da aikin jarida yake ciki a jiharmu ta Zamfara, musamman yadda ya cuɗanya da siyasa har mai sauraro ya kasa bambance labari da talla.

Jama'a ba su manta da abin da ya faru a watan Oktoba na 2022 ba, lokacin da gwamnatin jiha ta wancan zamani, ƙarƙashin Gwamna Bello Matawalle, ta ba da umarnin rufe wasu kafafen yaɗa labarai a Gusau, ciki har da NTA da Pride FM da Gamji TV, saboda sun ɗauko taron jam'iyyar PDP a lokacin da gwamnati ta ce ta hana tarukan siyasa don matsalar tsaro. Hukumar NBC, mai kula da gidajen rediyo da talabijin na ƙasa, ta fito fili ta ce gwamnatin jiha ba ta da hurumin rufe tashar da ba ita ta ba ta lasisi ba, ƙungiyoyin 'yan jarida suka tashi tsaye, cikin 'yan kwanaki aka janye umarnin. Na goyi bayan 'yan jarida a ranar, kuma har gobe ina goyon bayansu a kan duk gwamnatin da za ta gwada irin wannan, ko ta wace jam'iyya ce. Haka na ji zafin tarar Naira miliyan 5 da NBC ɗin kanta ta ci Trust TV a watan Agusta na shekarar, don kawai ta nuna shiri a kan 'yan bindigar da suka hana mu barci.

Amma, Malam Edita, rufe tasha da ƙarfin 'yan sanda abu ne da kowa yake gani da idonsa, shi ya sa ake saurin taruwa a yaƙe shi. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ake yi cikin ruwan sanyi, wato sayen labari da sayen fili. Duk wanda yake zama a majalisa a Gusau ko Ƙaura Namoda bayan sallar isha'i ya san yadda ake kunna rediyo a ji sojojin baka suna bi da bi: wannan ya wanke ubangidansa tas, wancan ya zo ya yi wa abokin hamayya wankin babban bargo, har da shiga mutuncin iyaye da iyali. Yawancin waɗannan filaye kuɗi aka biya aka saya, amma sau da yawa ba a faɗa wa mai sauraro hakan da baki ƙarara ba, kuma ana saka su dab da labarai, da murya da kiɗan da suka yi kama da na labarai. Dattijon da yake sauraro a Bakura ko Gummi, wanda ya taso yana ɗaukar maganar rediyo a matsayin gaskiya, zai kwana da ita a zuciyarsa, ya tashi da safe ya kai ta kasuwa.

Na taɓa halartar wani taron manema labarai a nan Gusau, ba a matsayin ɗan jarida ba. Mai gayya ya karanta jawabinsa daga takarda, aka yi tambayoyi marasa ƙaya, sannan wani yaronsa ya zagaya da takarda kowa ya rubuta sunansa da na kafar da yake wakilta, aka bi su da ambulan da sunan kuɗin mota. Washegari na karanta labarin a wurare daban-daban, kusan kalma da kalma, babu wanda ya tuntuɓi ɓangaren da aka zarga. Ban ɗora laifin duka a kan waɗannan wakilai ba, domin na san akwai waɗanda ake ba katin shaida kawai a ce su je su nemi na kansu, akwai kuma waɗanda suke shafe watanni ba albashi alhali suna da iyali. Sai dai Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma mu masu karatu mu ne muke biyan bashin wannan ladan.

Illar hakan ta fi fitowa a karkara. Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 14, amma kusan duk wakilan kafafen labarai suna zaune ne a Gusau, kusa da gidan gwamnati da ofishin kakakin 'yan sanda. Ƙauyen da ke yankin Ɗansadau ko Zurmi ba ya shiga labarai sai ranar da aka ƙirga gawa. Harajin da 'yan bindiga suke ɗora wa manoma kafin su bar su su yi girbi, makarantar firamaren da ta zama kango, asibitin da ba ma'aikaci, matan da suka yi gudun hijira suna bara a bakin shagunan Gusau, duk waɗannan sai dai a ji su a bakin direbobi a tasha. Da aka katse layukan waya a faɗin jihar a watan Satumba na 2021, mun ga yadda lamarin ya tsananta: tsawon makonni ba abin da ke fitowa sai sanarwar hukuma, domin wayar mutanen ƙauye ita ce da ma hanyar da 'yan jarida suke samun labarinsu.

Sai kuma rashin bin diddigi. Da aka sace ɗaliban makarantar 'yan mata ta Jangebe ranar 26 ga Fabrairu, 2021, duniya ta taru a kanmu. Aka fara cewa 317 ne, ranar 2 ga Maris aka sako 279, aka ɗauki hotuna a gidan gwamnati, kowa ya watse. Yaran nan nawa ne suka kammala karatunsu, nawa aka aurar, wane alkawari aka cika? Haka batun gubar dalma ta 2010, wadda ta samo asali daga niƙa duwatsun ma'adinai a gidaje, ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne suka fara ankarar da duniya. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar a 2019, ta ɗage haramcin a Disamba 2024. Su wa aka ba lasisi, kuma wane tanadi aka yi don kada matan Bagega, ɗaya daga ƙauyukan da gubar ta shafa, su koma niƙa duwatsu a tsakar gida kusa da 'ya'yansu? Irin waɗannan tambayoyi ba a samun amsarsu a taron manema labarai, sai an taka an je.

Doka ba ta bar 'yan jarida hannu sake ba. Sashe na 22 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora musu nauyin sa ido a kan gwamnati domin ta yi wa jama'a bayani, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa wanda ya nemi bayani a rubuce. Ina so in ga wakilinku ya yi amfani da ita ya tambayi nawa ƙaramar hukumar Maru ko Tsafe ta karɓa daga asusun tarayya a shekara, da abin da aka yi da shi, musamman bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yuli 2024 a kan kuɗin ƙananan hukumomi. In an hana shi amsa, hanin ma labari ne, a buga mana shi.

Roƙona gare ka da takwarorinka masu gidajen rediyo shi ne ku riƙa sanar da mu a farkon kowane shiri ko shafi da aka biya kuɗinsa cewa talla ce, tare da sunan wanda ya biya, kuma ku biya wakilanku albashi da kuɗin tafiya a kan lokaci, yadda za su iya mayar da ambulan ba tare da sun kwana da yunwa ba. Gwamnatin Dauda Lawal, wanda taronsa na PDP ne ya jawo rufe tashoshi a 2022 lokacin yana adawa, ita ma ya kamata ta buɗe wa 'yan adawar yau ƙofar gidan rediyo da talabijin na jiha, domin da kuɗin jama'a duka ake gudanar da su.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Mai karatu daga Tudun Wada, Gusau, Jihar Zamfara.